Muhawara: In Kamfanonin Jirgi Biyu Suka Haɗe, Wa Zai Hau Gaban Wa?

Abban Sadiq:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Duk sanda kamfanonin jiragenmu suka shiga matsi, sai ka ji masana a rediyo suna cewa mafita ita ce su haɗe, a samu biyu ko uku masu ƙarfi maimakon tarin ƙanana. An faɗa a 2007 da gwamnati ta ɗaga jarin da ake buƙata, an sake faɗa bayan AMCON, hukumar gwamnati mai karɓar basussukan da aka kasa biya, ta karɓi kamfanin Aero a 2016 da Arik a 2017. Ni mai sayar da tikiti ina goyon baya, don na gaji da ba fasinja haƙuri. Amma wani ya ce mini a Amurka abin da ya fi ba su ciwon kai a irin wannan haɗaka shi ne jerin sunayen matuƙa. Jerin suna fa! Kyaftin, Injiniya, ku da kuka ci gishirin harkar, a warware mana.

Kyaftin Mai Ritaya:
Wa alaikumus salam. Wanda ya gaya maka bai yi ƙarya ba. Ranar da kamfani ya ɗauki matuƙi, ranar ake ba shi lamba a can ƙasan jeri. Ba ya matsawa sama sai na gabansa ya yi ritaya, ya bar aiki, ko ta Allah ta kasance. Lambar nan ita ke yanke yaushe za ka tashi daga kujerar dama ka koma ta hagu ka zama kyaftin. Ita ke yanke wane jirgi za ka riƙe, ƙarami mai zirga-zirgar cikin gida ko babba mai ƙetare teku, wanda albashinsa ya fi tsoka. Ita ke yanke garin da za a ajiye ka, da ko za ka yi Sallah da iyalinka ko kana kwance a otal kana jiran waya. In kasuwa ta faɗi kuwa, daga ƙasa ake fara cewa a je gida a zauna ba albashi.

Abin da ya sa ake zubar da jini a kai shi ne lambar ba ta bin mutum. Kyaftin da ya shekara 20 a Delta, in ya ajiye aiki ya koma United, ƙasan jeri zai koma, kujerar dama, albashin sabon shiga. To ka ga mutum ba shi da inda zai gudu. Duk abin da ya tara a rayuwarsa yana cikin lamba ɗaya, sai a wayi gari a ce za a gauraya jerinsa da na wasu mutane dubu da bai taɓa gani ba.

Ɗan Kamasho:
Ranka ya daɗe ai wannan layin lodi ne kawai. A ce yau a rufe tashar Unguwa Uku a kwaso direbobinta a zuba su a Ƙofar Ruwa, wallahi sai an kira 'yan sanda kafin a san motar wa za ta fara shiga layi.

Kyaftin Mai Ritaya:
Ka kusa, Ɗan Kamasho. Sai dai naku layin yana juyawa, wanda aka zalunta da safe zai yi lodi da yamma. Namu sau ɗaya ake shiga a rayuwa, kuma da mutum ya cika 65 an gama da shi a jigilar fasinja tsakanin ƙasashe, ko da layi bai zo kansa ba.

Sani Mai Waya:
Ni fa tsarin ne ma ban gane hikimarsa ba. Me ya sa ba za a duba ƙwarewa ba? Mutum ya daɗe kawai sai ya zama shi ne gaba?

Injiniya Ɗan Fagge:
Sani, wa zai auna ƙwarewar? Manaja. To ka ƙaddara watan Janairu ne, hazo ya rufe Kano ruf, kyaftin ya duba ya ce ba zai sauka ba, zai karkata Abuja. Kamfani ya yi asarar mai, fasinja na ta zagi. Ko kuma ni injiniya na ce tayar nan ba ta yi mini ba, kyaftin ya goya mini baya. In ƙarin girma a hannun manaja yake, gobe wa zai sake cewa a'a? Jerin nan kariya ce, don mutum ya iya ƙin tashi ba tare da tsoron a danne shi ba. Ƙwarewa kuwa ana gwada ta dabam, kowa sai ya shiga na'urar gwaji lokaci zuwa lokaci, wanda ya faɗi lamba ba ta cetonsa. Kuma mu da muka san yadda ɗan wane da ɗan garinmu ke aiki a ƙasar nan, ai mu ya kamata mu fi kowa son tsarin da ba ya kallon fuska.

Kyaftin Mai Ritaya:
Bari in ba ku labarin da duk matuƙi ya sani. A 2005 US Airways da America West suka haɗe. US Airways tsohon kamfani ne na gabashin Amurka, ya shiga kotun fatara sau biyu, a 2002 da 2004, matuƙansa dattawa ne, kuma sama da dubu daga cikinsu suna gida ba aiki. America West kuwa yaro ne, a 1983 ya fara tashi daga Phoenix, matuƙansa ba su daɗe ba amma kowa na bakin aikinsa. Duka ɓangarorin biyu 'yan ƙungiyar matuƙa ɗaya ne, ALPA.

'Yan Gabas, wato matuƙan US Airways, suka ce a jera kowa bisa ranar da aka ɗauke shi aiki. 'Yan Yamma, wato na America West, suka ce ina! In aka yi haka, kusan dukkanmu za mu koma ƙasan mutanen da kamfaninsu ke gargara. Da suka kasa daidaitawa aka kai gaban mai sasanci, George Nicolau. A watan Mayun 2007 ya yanke: ya ware saman jeri, wajen mutum 500, ga manyan 'yan Gabas masu tuƙa manyan jirage, ya gauraya na tsakiya bisa kaso, sannan waɗanda haɗakar ta samu suna gida ya sa su a ƙasan kowa. Sai ga mutumin da aka ɗauka tun ƙarshen shekarun 1980 a bayan yaron da bai daɗe da shiga America West ba.

'Yan Gabas sun fi yawa, sai suka yi amfani da yawansu. A 2008 suka kaɗa ƙuri'a suka fice daga ALPA, suka kafa sabuwar ƙungiya, USAPA, wadda ta ce hukuncin bai ɗaure ta ba. 'Yan Yamma suka garzaya kotu. Aka shekara da shekaru kamfani ɗaya, fenti ɗaya, amma matuƙa kashi biyu, ɗan Gabas ba ya zama kusa da ɗan Yamma a gaban jirgi, kowa da yarjejeniyarsa da jiragensa. Har kamfanin American Airlines ya zo ya haɗe da su a 2013 ba a gama ba. Sai a 2016 wasu masu sasancin suka fitar da jeri guda.

Injiniya Ɗan Fagge:
Kuma ni har gobe ina tare da 'yan Gabas. Shekara shekara ce. Mutum ya ba sana'a ƙuruciyarsa, an yanke masa albashi, an rushe masa fansho, sannan a ce ya bi bayan ɗan cikinsa? Kun tuna jirgin da ya sauka a kogin Hudson a Janairun 2009, mutum 155 suka fita da rai? Na US Airways ne, 'yan Gabas ne ke tuƙi. Kyaftin Sullenberger da kansa ya gaya wa majalisar Amurka cewa an zaftare masa kashi 40 cikin 100 na albashi, fanshonsa kuma an soke. Mataimakinsa Jeff Skiles ya haura shekara 20 a kamfanin, ya taɓa zama kyaftin, rage ma'aikata ya mayar da shi kujerar dama. Irin waɗannan mutanen ake cewa su yi haƙuri.

Ɗan Kujerar Dama:
Baba Injiniya, a gafarce ni, ni a nan na saɓa da ku. Ni ƙarami ne a harkar, daga makarantar koyon tuƙin jirgi ta Zariya na fito, har yanzu igiya uku ce a kafaɗata, ta mataimakin kyaftin. Ku ɗauka ina kamfanin da ke da lafiya, na lissafa saura mini 'yan shekaru in koma hagu. Na yi aure a kan wannan lissafin, na kama haya a kan wannan lissafin, ina biyan bashin kuɗin horo a kan wannan lissafin. Sai mai kamfani ya sayi wani da ya durƙushe, aka kwaso mutum ɗari aka jibge a gabana don an ɗauke su tun ina firamare. Laifin me na yi? Su da ba don haɗakar ba, aikin ma babu shi gaba ɗaya. Wanda ke gida ba aiki bai kawo kujera ko ɗaya ba, da me za a ba shi tawa? Mai sasancin abin da ya duba ke nan: me kowa ya shigo da shi, kuma me yake sa ran samu da ba a haɗe ba.

Injiniya Ɗan Fagge:
Yaro, kamfanin da ke da lafiya yau shi ne mai jinya gobe. Ina Kabo da ta cika filin jirgin nan da manyan jirage lokacin aikin Hajji? Ina Okada, ina Chanchangi, ina Bellview? Ranar da abin ya juyo kanka, kana da furfura, za ka so a ce shekarunka ba su da daraja don mai kamfaninku bai iya riƙon kuɗi ba? Matuƙi ba shi ya ci bashin ba.

Ɗan Kujerar Dama:
Haka ne Baba, amma ni ma ba ni na ci ba.

Maman Walid:
Ku bar ni in sa baki, ko da ban san komai a jirgi ba sai hawa. Na yi aikin banki lokacin da Soludo ke gwamnan Babban Banki, sanda aka matse bankuna 89 suka koma 25 a ƙarshen 2005. Namu yana cikin waɗanda aka haɗa. Ranar da aka fito da sabon tsarin matakai, a jikin allon sanarwa aka liƙa, muka yi cincirindo kowa na bin takarda da yatsa yana neman sunansa. Wata baiwar Allah da ta koya mini aikin kanta ta samu sunanta a ƙarƙashin wani yaro daga ɗaya bankin, don su can suna saurin ba da muƙami. Ba ta ce uffan ba, ta koma kujerarta ta ci gaba da ƙirga kuɗi, amma daga ranar ba ta ƙara zama bayan an tashi ba. Shekaru bayan haka, in aka zo cin abinci, 'yan tsohon banki kaza teburinsu dabam. Mu ba mu da ƙungiyar da za ta kai ƙara ma.

Kyaftin Mai Ritaya:
Hajiya, a jirgi ma haka ne. Da Northwest ta haɗiye Republic a 1986, matuƙan suka rabu 'yan jan littafi da 'yan koren littafi, bisa launin bangon yarjejeniyar kowane ɓangare. Aka kafa shinge na shekara 20 a kan wa zai tuƙa wane jirgi. Mutane suka yi ritaya ana kiransu da launin littafinsu.

Barista Ummi:
Ina bibiya tun ɗazu. Akwai wanda ya fi na US Airways muni, shi ne ma ya sa aka yi doka. A 2001 American ta sayi TWA, wani tsohon kamfanin jirage na Amurka da ke cikin fatara. Kafin ciniki ya faɗa, an sa ƙungiyoyin ma'aikatan TWA sun janye sharaɗin da ke cikin yarjejeniyarsu na cewa in an sayar da kamfani za a kai batun jeri gaban mai sasanci. Da suka saki wannan igiyar, shi ke nan. Aka ɗauki kusan rabin matuƙan TWA aka liƙa a ƙasan jerin American, ma'aikatan cikin jirgi kuwa gaba ɗayansu aka tura ƙasa. Watanni kaɗan sai harin 11 ga Satumba, aka fara sallama daga ƙasa. Matan da suka shekara 30 suna aiki suka tafi gida, waɗanda American ta ɗauka jiya-jiya suna nan.

TWA a St. Louis take da cibiya, cikin jihar Missouri, don haka sanatocin jihar biyu, Claire McCaskill da Kit Bond, suka tsaya har aka yi doka a Disambar 2007. Dokar ta ce dole a haɗa jeri bisa adalci, in an kasa a je sasanci. Ba ta faɗi yadda za a yi lissafin ba, ta dai hana a wayi gari a zuba mutane a ƙasa ba tare da an saurare su ba. Matuƙan TWA kuma suka maka ƙungiyarsu ALPA a kotu cewa ba ta tsaya musu ba. Suka yi nasara a 2011, daga baya aka daidaita a kan dala miliyan 53. Kuɗi ne, amma in ka raba wa mutum sama da 2,000, ka auna da kujerar kyaftin da mutum ya rasa, ba a mayar da komai ba.

Sani Mai Waya:
Duk wannan rigimar masu ƙoshi ce. Mu nan yara sun gama makarantun tuƙi na Zariya da Ilori da lasisi a hannu suna zaune a gida, iyaye sun sayar da gona. Wa ke ta jeri?

Ɗan Kujerar Dama:
Malam Sani, gaskiya ne akwai su, abokaina ne. Amma rashin jerin ne ma yake cutar da su. Inda babu rubutaccen tsari, sai a ɗauko kyaftin daga waje kai tsaye a ɗora a hagu, na dama ya tsufa a dama, na gida ya tsufa a gida. Layin da ba ya motsi daga sama ba ya jan kowa daga ƙasa.

Barista Ummi:
Kuma kada a ɗauka abin na Turawa ne kawai. Indiya ta haɗa Air India da Indian Airlines a 2007, dukansu na gwamnati a lokacin. A 2012 matuƙan tsohuwar Air India suka yi yajin aiki na kusan wata biyu, don an ce za a horar da 'yan ɗaya ɓangaren su ma a kan sabon Boeing 787. Uba ɗaya ne ke biyan albashi, amma ba ta hana ba.

A nan gida, Abban Sadiq, ga inda gizo ke saƙa. Dokar Ƙwadago a sashe na 20 ta ce in za a rage ma'aikata, wanda ya zo ƙarshe shi zai fara fita, tare da duba cancanta. Amma wajen bayanin wanda dokar ke kira ma'aikaci, ta cire masu aiki a cikin jirgin sama da na ruwa. Ke nan matuƙi abin da zai riƙe ya je Kotun Ma'aikata da shi shi ne takardar ɗaukarsa aiki da yarjejeniyar da ƙungiyarsa NAAPE, ta matuƙa da injiniyoyin jirgi, ta sa wa hannu, in akwai. Ba mu da doka irin ta McCaskill da Bond. Kuma a namu kamfanonin ba a cika haɗewa ba, mutuwa ake yi. Nigeria Airways ta daina tashi a 2003, sai a 2018 aka saki sama da naira biliyan 22 a matsayin wani kaso na haƙƙin tsofaffin ma'aikatanta. Da yawa ba su ga kuɗin ba, magada suka karɓa.

Kyaftin Mai Ritaya:
Barista ta taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. Kamfanin da na yi wa aiki, ba sai na kira suna ba, ya rufe ina kyaftin. Na samu wani, suka ce sai dai dama. Na karɓa, akwai bakuna a gida. Ranar farko na shiga jirgi da asuba a nan Kano, sai na tarar wanda ke hagu yaron da na horar ne da hannuna. Ya miƙe zumbur har kansa ya bugi rufi, yana "Yallaɓai, ina kwana." Na ce zauna, kai ne kyaftin. Muka fara karanta jerin dubawa, muryarsa na rawa. Da muka doshi Legas hadari ya taso, na ga yana satar kallona yana jiran in ce a kauce ko a ratsa. Na ce masa, Kyaftin, shawara taka ce, ni zan faɗi abin da na gani a na'ura ne kawai. Ya yanke, kuma daidai ya yanke. Amma daƙiƙun nan da ya yi yana jirana su ne abin tsoro. Mu da ke ƙaunar juna ke nan. To ina ga mutum biyu da ke shari'a da juna a kotu, kowa na ganin ɗayan ya sace masa shekara goma, a kulle su a ɗaki ɗaya mai faɗin tabarma?

Abban Sadiq:
Subhanallah. To Kyaftin, babu inda aka taɓa yi lafiya ke nan?

Kyaftin Mai Ritaya:
An yi. Delta da Northwest a 2008. Sun ga abin da ya samu US Airways, sai suka fara da yarjejeniyar albashi guda ga matuƙan ɓangarorin biyu, da ƙarin kuɗi da hannun jari a sabon kamfani, kafin a kammala cinikin. Suka kuma amince tun farko cewa abin da masu sasanci suka yanke ya zauna. Kafin shekarar ta fita jeri ya fito. An yi gunaguni, amma ba wanda ya fasa ƙungiya. United da Continental sun haɗe a 2010, su sai 2013 nasu ya fito. 'Yan Gabas na US Airways kuwa, garin ƙin hukuncin Nicolau suka zauna a kan albashin zamanin fatara shekara da shekaru, don ba sabuwar yarjejeniya sai da jeri guda. 'Yan Yamma ma ƙarin ya wuce su. Kamfani ne ya ci riba, yana biyan kowa araha.

Injiniya Ɗan Fagge:
Wannan na ƙarshen shi ya fi ƙona mini rai. Amma Kyaftin, Delta kuɗi ta zuba aka yi shiru. Wane mai kamfani ne a nan zai ba matuƙi hannun jari? Wasu ko ƙungiya ba sa bari ta shiga harabarsu.

Ɗan Kujerar Dama:
Anti Barista, tambaya ta gaske. In mutum zai sa hannu a sabuwar takarda, ko ƙungiya za ta zauna da kamfani, me ya kamata a nace a rubuta?

Barista Ummi:
A fara da jerin kansa: a buga shi, kowa ya ga lambarsa, a riƙa sabuntawa, don ba a kare abin da ba a rubuta ba. Sannan sharaɗin cewa duk wanda ya sayi kamfanin ko ya gaje shi, yarjejeniyar ta hau kansa. Sai hanyar sasanci, da yadda za a zaɓi mai sasancin, da cewa hukuncinsa ya ɗaure kowa ko da an canja ƙungiya, saboda ta wannan ƙofar 'yan Gabas suka fice. A kuma rubuta cewa wanda ke kujerar kyaftin ba za a sauko da shi don haɗaka kawai ba. Duk wannan tun kamfani na da lafiya ake nema. 'Yan TWA suna da sharaɗin a rubuce, amma da aka ce ko su janye ko kamfani ya rufe, janyewa suka yi.

Injiniya Ɗan Fagge:
A ƙara da na waɗanda ke gida, Barista. A rubuta cewa shekarun da mutum ya yi kafin a sallame shi ana ƙirga masa su. United da Continental ai sun ba tsawon aiki kaso a lissafinsu, ba su watsar da shi ba.

Ɗan Kujerar Dama:
Kaso dai Baba, ba duka ba. In kaso ne, sai mu zauna mu yi ciniki a kan nawa.